RA'AYINMU: A koya wa ɗalibi tsaron kansa tun ranar da ya fara shiga ɗakin gwaji

Kowace shekara idan damina ta janye aka buɗe makarantu, samari da ƴan mata masu yawa da suka ci jarrabawar bak su kan bar gidajen iyayensu, su nufi jami'o'in ƙasarmu domin neman ilimin kimiyya. Daga cikinsu akwai masu karatun ilimin sinadarai, wanda ƴan makaranta suka fi sani da sunan shimi, akwai masu neman aikin likita, da na haɗa magunguna, da na aikin gona. Dukkansu kuwa sai sun bi ta ɗaki guda, watau ɗakin gwaji, wanda ake ce wa laboratuwar. A cikin wannan ɗaki akwai kwalabe jere, ruwan da ke cikin waɗansunsu garai yake kamar na randa, alhali ɗigo guda nasa ya isa ya makantar da ido, ko ya huda fata har tsoka. Saboda haka uban da ya sayar da damin gero ko tunkiya ya yi wa ɗansa guzuri yana da haƙƙin ya tambaya: shin ana koya wa yaron nan yadda zai fito daga ɗakin lafiya lau, kamar yadda ya shiga?

Tambayar ta ƙara nauyi saboda yawan jami'o'inmu ya ƙaru. A shekarar 1971 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka kuma raɗa mata sunan marigayi Abdu Mumuni, masanin ƙarfin hasken rana, a 1992. A 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu nasu jami'o'in, a 2014 kuma Agadas da Difa da Doso da Tilaberi suka biyo baya. Ta Maraɗi ma tana ɗauke da sunan marigayi Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wanda shi kansa masanin shimi ne, ya kuma taɓa riƙe ma'aikatar ilimi ta ƙasa. Wannan ci gaba ne abin godiya. Amma duk inda aka buɗe sabon ɗakin gwaji, an buɗe wata ƙofa da haɗari zai iya shigowa ta cikinta. Ra'ayinmu shi ne, tsaron lafiyar mai gwaji da rage ɓarnar da gwajin ke bari darasi guda ne, kuma wajibi ne a koyar da shi tun ranar farko, a yi jarrabawa a kansa, a ba shi maki kamar kowane darasi.

Kada wani ya zaci haɗarin ɗakin gwaji ciwon matalautan ƙasashe ne. A ranar 29 ga watan Disamba 2008, a Jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjeles a ƙasar Amurka, wata matashiya mai shekara 23 tana ɗibar wani ruwa da sirinji, irin ruwan da ke kama wuta da kansa da zarar iska ta taɓa shi. Sai sandar sirinjin ta zare, ruwan ya zube mata. Ba ta sanye da rigar ɗakin gwaji, rigar sanyin da ke jikinta kuwa ta zaren roba ce, nan take ta kama. Ta ƙone fiye da kashi 40 cikin 100 na jikinta, ta rasu bayan kwana 18. Maganar ta kai gaban alƙali, aka tuhumi hukumar jami'ar da shugaban ɗakin gwajin. A Faransa ma, a ranar 24 ga Maris 2006, wata fashewa ta auku a babbar makarantar shimi ta birnin Muluz, malami guda ya rasa ransa, waɗansu suka ji rauni.

Akwai labari biyu kuma da ya kamata kowane malami ya ba ɗalibansa. Na farko shi ne na Karen Wetterhahn, shehiyar malama a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, wadda ta ƙware a sanin gubar ƙarafa. A watan Agusta 1996 ɗigo kaɗan na wani ruwa mai ɗauke da zaiba ya zuba bisa safar robar da ke hannunta. Ta bi dukkan dokokin da aka sani a lokacin, ta wanke hannu, ta ci gaba da aikinta. Bayan wata biyar tafiyarta da maganarta suka fara rikicewa, a watan Yuni 1997 ta rasu tana da shekara 48. Da aka bincika, sai aka gane ruwan yana ratsa irin wannan safa cikin daƙiƙa 15. Na biyu ya auku a watan Janairu 2010 a Jami'ar Texas Tech. An iyakance wa ɗalibai kada su haɗa fiye da miligiram 100 na wani sinadari mai fashewa, wani ɗalibi ya haɗa giram 10, watau ninki ɗari. Abin ya fashe a hannunsa, ya rasa yatsu uku, ido guda ya raunana. Hukumar da ta yi bincike ta nuna a rahotonta na 2011 cewa an taɓa samun ƙananan haɗura a wurin kafin wannan, amma ba a ɗauki darasinsu an yaɗa shi ga sauran ɗalibai ba.

Waɗannan makarantu ba su rasa kuɗi ba, ba su rasa kayan aiki ba. Abin da ya gaza shi ne ɗabi'a: sa riga ko da aikin na minti biyar ne, tambayar irin safar da ta dace da kowane ruwa, tsayawa a kan iyakar da aka yanka, da faɗin gaskiya idan an tsallake rijiya da baya. Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a nan muna da ƙarin dalilai da masu rubuta littattafan shimi a Turai ba su lissafa da su ba. Na farko shi ne zafi. Ruwan da ake kira eter, wanda ake yawan aiki da shi wajen tace sinadarai, yana tafasa a digiri 35. Wani kuma mai suna diklorometan yana tafasa a digiri 40. To, a Yamai ko Tawa, cikin watan Afrilu da Mayu, zafin rana ya kan haura digiri 40. Ma'ana, kwalbar da ke zaune lafiya bisa tebur a birnin Paris, a nan tana iya tafasa ba tare da an hura mata wuta ba. Tururin eter kuwa ya fi iska nauyi, ya kan bi bisa tebur ko ƙasa yana rarrafe har ya iske wuta a can wani gefen ɗakin. Na biyu shi ne ɗaukewar kuran: akwatin da ke zuƙe tururi mai guba ya fitar da shi waje da lantarki yake aiki, idan kuran ya ɗauke a tsakiyar gwaji, tururin cikin ɗaki zai dawo. Na uku shi ne ruwa: wanda asid ya fallatsar masa a ido yana bukatar a wanke idon da ruwa mai gudana har minti 15 ba tsayawa, famfon da ya kafe kuwa ba ya jin roƙo. Na huɗu shi ne suturarmu. Riga mai faɗin hannu, da mayafi ko hijabi na zaren roba, da takalmi buɗaɗɗe, duk suna da kyau a wurinsu, amma a kusa da harshen wuta sai an tattare su cikin farar riga ta auduga, an kuma rufe ƙafa.

A nan ne maganar da masana ke kira koriyar shimi ta shigo, watau shimi marar ɓarna. An sa mata sunan launin ganye ne domin tana neman a yi aikin sinadarai ba tare da an cuci mutum ko ƙasa ko ruwa ba. A shekarar 1998 waɗansu masana biyu ƴan Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka tsara ƙa'idodinta goma sha biyu. Ta farkonsu ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin ba ta wuce rigakafi ya fi magani ba: hana datti samuwa ya fi a bari ya samu sannan a nemi inda za a kai shi. Sauran sun haɗa da zaɓen sinadari marar guba a maimakon mai guba, da rage ruwan narkarwa masu kama wuta, da tsimin makamashi, da aiki da abin da ke sake tsirowa, da ƙera abin da zai ruɓe bayan an gama amfani da shi. Ta goma sha biyu kuwa tana cewa a zaɓi kayan aiki da hanyar aiki yadda gobara da fashewa da yoyo za su yi wuyar aukuwa tun daga tushe. Ga inda darussan biyu suka haɗu ke nan. Riga da safa da tabarau garkuwa ne, garkuwa kuwa ta kan huje, kamar yadda ta huje a Dartmouth. Gubar da ba a shigo da ita ɗakin ba ita ce kaɗai ba ta iya cutar da kowa.

Domin a ga girman abin da ake magana a kai, wani masani mai suna Roger Sheldon ya ƙirga a farkon shekarun 1990 cewa masana'antun haɗa magunguna su kan bar datti kilo 25 zuwa 100 a kan kowane kilo guda na magani. Ga kuma misalin ibuprofen, maganin ciwon jiki da ake sayarwa a kowace farmasi ta ƙasarmu. Tsohuwar hanyar haɗa shi mataki shida ce, kuma kashi 40 cikin 100 kawai na kayan da aka zuba ke shiga cikin maganin, sauran datti ne. Sabuwar hanyar da aka fara aiki da ita a 1992 mataki uku ce, kashi 77 ke shiga cikin maganin. Magani bai canza ba, tunanin masu haɗa shi ne ya canza, wannan tunani kuwa a benci ake koyonsa.

Mun san abin da waɗansu za su ce: wannan aikin masu kuɗi ne, mu da ke fama da ƙarancin ɗakunan karatu da kujeru ina muka ga halin koriyar shimi? Amsarmu ita ce talaka ya fi kowa bukatar tsimi. Ƙasarmu ba ta da bakin teku. Kwalaben sinadarai daga waje ake sayo su da kuɗin waje, su sauka a tashar jirgin ruwa, su yi tafiyar fiye da kilomita dubu a mota cikin rana kafin su iso. Tun farkon shekarun 1980 malaman Kwalejin Bowdoin a Amurka suka nuna ana iya koyar da gwaje-gwajen shimi da ɗan mitsitsin kaya, daga baya kuma Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ta ƙera ƙananan akwatunan gwaji masu arha, hukumar UNESCO ta taimaka wajen yaɗa su a ƙasashe da dama. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce aji yana da ɗalibi 200, kowane yana aiki da mililita 50 na ruwan narkarwa, an kashe lita 10 ke nan a gwaji guda, kuma lita 10 ɗin nan sai an san inda za a zubar da su. Idan aka tsara gwajin yadda mililita guda zai isa, aji duka bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba. Ilimin da ɗalibi ya samu bai ragu ba, kuɗin da aka kashe ya ragu ninki hamsin, wutar da za ta iya tashi kuma tafin hannu ya isa ya rufe ta.

Har ila yau, muna da abin koyarwa a ƙofar gidanmu. Majeman Damagaram sun daɗe suna jeme fata da bagaruwa, alhali yawancin masana'antun fata na duniya da gishirin kurom suke aiki, wanda ruwansa ke ɓata ƙasa idan ba a tace shi ba. Manomanmu sun san ƴaƴan dogon yaro, wanda waɗansu ke ce wa bedi, suna korar ƙwari daga amfanin gona. Marina sun san baba da toka. Ba mu ce duk abin da aka gada lafiyayye ne ba, domin ruwan toka ma yana cin hannu. Amma ɗalibin da aka ba shi bagaruwa ya auna ƙarfinta, ko aka ba shi kanwa ya gano abin da ke cikinta, ya koyi awo da tacewa da lissafi da kayan da aka sayo a kasuwar garinsu da ƴan daloli, ya kuma fahimci cewa kimiyya tana da abin cewa game da sana'ar kakansa.

Sai kuma mu tambayi kanmu ina dattin ɗakin gwaji ke tafiya. Jami'ar Yamai tana Harobanda, dab da kogin Isa, wanda birnin ke sha, masunta ke kamun kifi a ciki, masu lambu ke ban ruwa da shi. A Damagaram kowa ya san tsadar ruwan sha da darajar kowace rijiya. Abin da aka tuttule a kwatami ba ɓacewa yake ba, wurin zama kawai yake canzawa. Kwalbar da aka yar a juji kuma, yaro zai iya tsinta ya sayar, gobe a zuba man gyaɗa a cikinta.

Abin da ya fi wannan duka shi ne inda ɗaliban za su je bayan sun gama. Waɗansu za su shiga matatar man fetur ta Damagaram da aka buɗe a 2011, waɗansu ma'adinan uraniyom na Arlit da aka fara haƙa a 1971, waɗansu gidan siminti na Malbaza, ko gidajen tace ruwan sha, ko gidajen likita. Waɗansu hukuma za ta tura su duba wuraren haƙar zinariya irin su Komabangu da Jado, inda ake aiki da zaiba. Ba mu manta da abin da ya auku ga ƴan uwanmu na Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Da yawa daga cikinsu kuma malamai za su zama a kwaleji da lise, kowane ɗaya dubban yara za su bi ta hannunsa. Wanda ya saba da ganganci a jami'a da shi zai tafi duk inda aka tura shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga mahukuntan ilimi mai zurfi, da shugabannin jami'o'i, da malamai, da su duba waɗannan abubuwa.

Na farko, kada ɗalibi ya taɓa kwalba sai ya ci jarrabawar tsaro. Ya san asid ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ya san ba a zuƙar ruwan gwaji da baki, ba a ci ba a sha a ɗakin, ba a yin aiki mutum shi kaɗai. Ya san inda abin kashe gobara da bokitin rairayi da randar ruwan wanke ido suke, ya kuma gwada aiki da su da hannunsa.

Na biyu, kafin kowane gwaji ɗalibi ya rubuta shafi guda: mene ne haɗarin kowane sinadari, me zan yi idan ya zube, datti nawa zai fito, ina za a kai shi, kuma akwai wani abu marar guba da zai yi aikin? A ba wannan shafi maki. Ɗalibi ya san abin da malami ke ba maki shi ne abin da malami ya ɗauka da muhimmanci.

Na uku, a sake duba tsofaffin takardun gwaji. Inda ake aiki da benzen, wanda aka tabbatar yana kawo sankarar jini, a musanya shi. Inda ruwa ko alkol zai wadatar, a yi da su. A ƙirga abin da ke cikin kowane ɗakin ajiya, domin eter da ya daɗe a ajiye ya kan haifi wani sinadari mai fashewa. Kyautar sinadarai daga waje kuma a duba ta kafin a karɓa, kada a mai da mu wurin zubar da abin da ya ishi waɗansu.

Na huɗu, kowane ɗakin gwaji ya ajiye littafi na rubuta duk haɗarin da ya auku da wanda ya kusa aukuwa, kuma kada a hukunta wanda ya faɗi gaskiya. Ɗalibin da ke tsoron sifili ko kora ɓoye kuskurensa zai yi, na bayansa ya faɗa ramin da shi ya tsallake.

Na biyar, kada a manta da masu shara da masu gadi da masu wanke kwalabe, domin su ke ɗaukar abin da masu digiri suka bari. A shekarar 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari guda na alamomin haɗari, hotuna tara kowane cikin jan zane mai kusurwa huɗu: harshen wuta, ƙoƙon kai da ƙasusuwa, hannun da ruwa ke ci, mataccen kifi da busasshen icce, da sauransu. A fassara ma'anarsu cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a manna a bango. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya isa ya karanta su, kuma alamomin nan zai sake gamuwa da su a jikin galan na maganin ƙwari a gonarsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabon gini. Abin da suke bukata shi ne malami ya fara da kansa. Idan shehin malami ya shiga ɗakin gwaji ba riga ba tabarau, ya rushe a minti guda abin da aka yi wata ana koyarwa. Idan kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya sa nasa, ya mai da wanda ya zo da silifa, ko da ɗan wane ne, to ɗalibai sun ga doka da idonsu.

Ga masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, muna cewa gaskiya ne, amma Allah ya ce tashi in taimake ka. Ƙasa ta kashe dukiya mai yawa kafin yaro guda ya kai jami'a, iyayensa kuma sun yi shekara goma sha uku suna jira. Ido guda da aka rasa saboda rashin tabarau na ƴan jikkuna hasara ce ga gida, hasara ce ga ƙasa. Iyaye, idan ƴaƴanku sun zo hutu ku tambaye su ko suna da farar riga ta auduga, ku tambaye su me aka koya musu su yi idan wuta ta tashi. Mahukunta kuma su sa wannan darasi cikin tsarin karatu kafin buɗe makarantu mai zuwa. Allah shi kiyaye mana ƴaƴanmu, shi ba su ilimi mai amfani, amin.